Maƙwaƙƙwafin Dutsen Lusen

Da sanyin safiya muka bar ƙauyen Waldhäuser, a gandun dajin Bavariya da ke kan iyakar Jamus da Czech, muka nufi ƙololuwar Lusen mai tsayin mita 1,373. Watan Maris ne, dusar ƙanƙara na nan jibge. Ban yi rabin hawan ba yatsun ƙafata suka daina ji.

Da muka yi sama, sai ga matattun itatuwa tsaye cirko-cirko, farare fat, ba ɓawo ba ganye. Na ce wa mai yi mana jagora, "Malam, gobara aka yi?" Ya ce a'a, wani ɗan ƙwaro ne mai cin cikin ɓawo ya kashe su a shekarun 1990, hukumar gandun, wanda aka kafa a 1970, kuma ta ƙi sare su. A raina na ce wannan ai sakaci ne.

Muna cikin haka ya ɗaga hannu. Wani ƙwas-ƙwas ne a hankali, ga ɓawo na zubowa kan dusa kamar ana feraye rogo. Na ɗaga kai na hango tsuntsun, maƙwaƙƙwafi ne: baƙi da fari, girmansa bai kai na kurciya ba, da ɗan rawaya a tsakar ka, alamar namiji. Bai ko kula mu ba. Ya kafe jelarsa mai tauri a jikin wani itace mai sauran ɓawo, yana saran ɓawon ta gefe, yana zaro tsutsa da harshe. Da madubin hangen nesa na ƙirga yatsunsa: biyu gaba, ɗaya baya. Yawancin maƙwaƙƙwafai huɗu gare su.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne zamansa. Tsuntsaye masu cin ƙwari da yawa kudu suke gudu in sanyi ya kama, wasu har Afirka. Shi kam ba ya ƙaura, don tsutsar ƙwaron nan da ya kashe dajin ita ce cimarsa, kuma tana can ƙarƙashin ɓawo, inda dusa ba ta binne ta. Da bazara yakan huhhuda ɓawon ɗanyen itace a jere ya sha ruwansa.

Mun kai kusan minti ashirin a tsaye. Ƙololuwar kuwa, hazo ya rufe ta, ban ga komai ba sai tulin duwatsu. A hanyar saukowa na tsaya gindin itacen nan na tsinci ɓawo guda, na juya shi, cikinsa duk zanen ramukan tsutsa.