Abin da ke mutuwa a cikin kwamfuta

Shekara goma sha takwas ke nan ina buɗe cikin kwamfutoci. In ka ce in lissafa maka firosesar (ƙwaƙwalwar kwamfuta ke nan) da na tarar ta mutu don kanta, ba wani ne ya lanƙwasa mata ƙafafu ba, ba kuma wuta ce ta dake ta ba, yatsun hannuna sun ishe ni ƙirga. Amma rabin surutun da ake yi a wurin aikinmu a kanta ake yin sa.

Mu huɗu ne. Ni, da wani abokin aikina da dalma ke bi wa hannu kamar ruwa, da yara biyu masu koyo. Muna gyara, muna haɗa sabuwa ga wanda ya zo da jerin kayan da yake so, sannan akwai aikin da ya fi cin lokaci kuma na fi so, wato tayar da tsofaffin injuna da kowa ya ce sun gama yayi. Wannan na ukun shi ke jawo mana 'yan sha'awa, mutanen da ba gyara ya kawo su ba, hira ce ta kawo su. Sai mutum ya ja kujera ya zauna, ya ɗauki wata madabod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke zaune a kai, yana jujjuyawa, kafin ka ankara an shiga musun Intel da AMD, manyan kamfanonin firosesa biyu.

Na daɗe ina sauraron musun nan, har na gano wani abu. Kusan kowa yana kare kamfanin da ke kan gaba ne a shekarar da ya fara sayen kwamfuta da kuɗinsa. Wanda ya fara a 2000, lokacin da Athlon ta AMD ta taɓa gigahaz ɗaya, ko a 2003 da Athlon 64 ta fito, har gobe ba ka raba shi da AMD. Wanda ya shigo a 2006 ya tarar da Core 2 Duo, shi kuwa a wurinsa Intel ce sarauniya, kuma yana da hujja, don shekarun da suka biyo baya AMD ta sha wuya, musamman da jerin FX na 2011. Yaran da ke koyo a wurina sun buɗe ido ne bayan 2017, da Ryzen suka saba, suna mamakin yadda aka yi wani ya taɓa raina AMD. Kowannensu gaskiya yake faɗa, sai dai gaskiyar ta shekararsa ce.

Inda nake sa baki shi ne in an fara auna firosesa da lambar gigahaz kawai. Wannan karatun an yi shi an gama tun zamanin Pentium 4. An tura ta har gigahaz 3.8, zafi kamar murhu, fanka na kuka, sai ga Core 2 Duo mai 2.4 ta zo ta wuce ta a yawancin ayyuka, ba ta kuma shan wuta kamar ta. Lambar tana gaya maka sau nawa firosesa ke bugawa a daƙiƙa ɗaya, ba ta gaya maka yawan aikin da take gamawa a kowane bugu. Ma'aikaci mai saurin kai da komowa da ƙaramin kwando ba lalle ya riga mai babban kwando gama kwasar yashi ba. Haka nake yi wa yara bayani, kuma haka Apple ta sake tuna wa mutane a 2020 da firosesarta M1, wadda aka sa a laftof marar fanka ko ɗaya.

To amma a kan tebur, inda ake aikin, labarin daban ne.

Mutum zai shigo da laftof a hammata ya ce, "Malam, firosesar nan ta tsufa, a canza mini ita." Da farko ma a yawancin laftof na yanzu firosesar a liƙe take da madabod, ba ta cirowa. Ban cika fara masa da wannan ba. Nakan miƙa wa yaro in ce ya kwance. Abin da muke tararwa kusan kullum iri ɗaya ne. Ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya ta zama kamar bargo. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen ya bushe ya koma alli. Firosesa kuwa tana da wayo, in zafi ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai ita yana ganin tsufa ne, alhali numfashi ne ya gagare ta. Sai kuma faifan ajiya, irin mai juyawa sau 5,400 a minti, wanda firosesa ke zaman jiransa kamar mai jiran mota. A share ƙura, a sa sabon mai, a cire faifan a sa SSD, ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, in ram ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da firosesa ke aiki a kai, gigabait huɗu ne a mai da shi takwas. Na sha ganin mutum ya kunna injinsa bayan wannan ya dube ni ya ce ai na canza firosesar ne na ɓoye masa.

Ƙaramin cikin yaran ya taɓa ce mini, "Maigida, ai da mun ce masa ta mutu, da sabuwa zai saya a wurinmu." Na ce masa haka ne, sau ɗaya zai saya, daga nan ba za mu sake ganin ƙeyarsa ba. Wanda muka yi wa gyaran gaskiya shi ke turo mana ofishinsu gaba ɗaya.

Abin da ke mutuwa da gaske ƙananan abubuwa ne da ba wanda ke musu a kansu. Na farko kafasita, waɗannan 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan madabod. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, yana bushewa da shekaru da zafi. Injunan da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun fi shan wannan, don an yi wani zamani da kafasitoci marasa kyau suka cika kasuwar duniya, kansu ya kumbura, wasu su fashe su zubo da wani abu ruwan ƙasa. Injin zai riƙa mutuwa yana tashi, a ɗora wa manhaja laifi, a goge a sake sawa, ciwon na nan. Abokin aikina yakan zauna da ƙarfen dalma ya cire su ɗaya bayan ɗaya ya sa sababbi, ya kula da ƙafar + da ƙafar −, don in ka juya ta za ta yi maka ƙara a fuska. Na biyu batirin agogo. A injunan yanzu ɗan faifai ne kamar kwabo, CR2032, in ya ƙare sai dai kwanan wata ya rikice. A allunan zamanin firosesar 386 da 486 kuwa wani ne mai siffar ganga da aka liƙe da dalma, in ya tsufa sai ya yi yoyo, ruwansa ya bi layukan tagulla yana ci, ya bar kore-kore. Duk tsohuwar madabod da ta shigo hannunmu, kafin a yi maganar kunnawa, batirin nan muke fara yankewa. Na uku gidan wuta, akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta lantarki. Doka ce a wurinmu, ba a haɗa tsohon gidan wuta da allo sai an sa mita an ga layin bolt biyar yana ba da biyar. Na koyi wannan da tsada. Wani mai tara tsofaffin kaya ya kawo mini injin shekarun 1980 da ya gada, zumuɗi ya ɗebe ni na jona, gidan wutar ya tura fiye da ƙima, ƙwayoyin ram suka tafi a cikin daƙiƙa. Wata biyu na yi ina neman madadinsu.

Masu kawo tsofaffin injuna iri biyu ne, kuma ba sa fahimtar juna. Akwai mai sha'awa, wanda ke son Commodore 64 ta 1982 ko Apple II ta 1977 don ya ji ƙarar kibod ɗin da ya taɓa a yarinta. Shi komai na asali yake so. In ka sa masa sabon sukuru sai ya lura. Ɗayan kuwa ko sunan firosesar bai sani ba. Yana da injin yanka ƙarfe ko na ɗinkin ado da ya kai shekara talatin yana aiki lafiya, amma kwamfutar da ke ba shi umarni 486 ce mai tsohuwar manhajar DOS, da wani kati da ke shiga ramin ISA, ramin da aka daina sa wa madabod tun tuni. Kamfanin da ya yi katin ya rufe. In kwamfutar ta tsaya, injin da ya fi ta daraja sau ɗari ya tsaya, ma'aikata sun zauna.

Irin wannan aikin ne ke sa in manta da agogo. Abu na farko shi ne kwafe faifan, kowane ɓangare, kafin a taɓa komai, don tsohon faifai yana iya juyawa yau gobe ya ƙi. Sai mu maye gurbinsa da katin CompactFlash, wanda ke magana da yare ɗaya da tsohuwar hanyar IDE mai ƙafa 40, 'yar mahaɗa kawai ake sa masa. Dole a kula da girma, don BIOS, manhajar da ke tayar da injin, na wancan zamani da yawa ba sa ganin abin da ya wuce megabait 504. Na'urar fulofi ma haka. Sony ta daina yin faifan tun 2011, waɗanda suka rage suna ruɓewa, saboda haka muna sa wata na'ura da ke karɓar filashi amma tana yi wa injin kamar faifan megabait 1.44 ne. Injin bai san an canza komai ba. Wani dattijo da muka yi wa haka ya tsaya yana kallon allon baƙi da farin rubutu ya dawo, ya ce, "Ɗana, wannan ita ce dai?" Na ce ita ce, Baba, takalmi kawai muka canza mata. Firosesar da ke ciki, wadda aka fara fitar da irinta a 1989, ko taɓa ta ba mu yi ba.

Labaran fasaha nakan bi su, amma da idon mai gyara. Sanarwar sabuwar firosesa ba ta cika canza mini aikin mako ba. Abin da ya canza shi da gaske shi ne sharuɗan Windows 11 da ta fito a 2021: tana son wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a jerin da aka amince da shi, in ban da 'yan kaɗan, sai Intel daga zubi na takwas, AMD kuma daga Ryzen 2000. Sannan aka tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum. Dalilin da aka bayar tsaro ne, kuma ba zan ce babu ƙamshin gaskiya ba, wanda ya ga abin da raunukan tsaron firosesa da ake kira Spectre da Meltdown suka tayar a 2018 ya san rauni na iya zama a cikin ƙarfen kansa. Sai dai sakamakon a teburina shi ne injuna masu i5 da i7 na zubi na shida da na bakwai, lafiyarsu ƙalau, an jero su ana tambaya ko a zubar. Wanda aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, Linux Mint muke sa masa a madadin Windows, mu zauna da shi awa ɗaya ya saba. Wanda ke da manhajar da ba ta tashi sai a Windows, gaskiya muke gaya masa, ya shirya sayen wata. 'Yan sha'awa suna da dabarun tsallake sharuɗan, na san su, amma ba na yi wa ofis, don ranar da sabuntawa ta ƙi shiga ni za a kira.

Wani labarin da ya taɓa ni, wanda yarana ko a jikinsu, shi ne da Zilog ta sanar a 2024 cewa za ta daina yin firosesar Z80 ta asali. An fara ta a 1976. Shekara 48 ana ƙera abu ɗaya ana saye, a sana'ar da ake cewa kayan bara sun tsufa. Ranar sai da na buɗe aljihun tebur na ciro guda biyu da nake da su na duba.

Aljihun nan cike yake da firosesocin da muka ciro daga allunan da suka lalace: Pentium masu faɗi kamar tayil, Athlon, Core 2 Duo sun fi ashirin. Watan jiya aiki ya yi sauƙi, na ce wa babban yaron ya ɗauko duk waɗanda muke da allon gwada su, ya bi su ɗaya-ɗaya. Kwana biyu ya yi yana sawa yana cirewa. Da ya gama ya zo da guda ɗaya a tafin hannu ya ce, "Maigida, wannan ce kaɗai ta ƙi." Na ɗaga ta a haske, sai ga ƙafa biyu a kwance a gefe. Na ba shi allura da gilashin ƙara girma na ce ya miƙar da su a hankali, in ya karya ɗaya shi zai share shago har ƙarshen wata.