Shawar lantarki mai yoyo: inda na kai bayan Asabar biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gyaran famfo da wuta irina. Na yi muku alkawarin duk abin da na kwance na ɗaure zan zo da labarinsa, to ga na shawar gidanmu a nan Luton, ƙasar Ingila.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, akwatin roba ne a manne da bangon banɗaki. Ruwan sanyi ne kawai ke shigarsa, ya ratsa wata 'yar tukunya mai ƙarafan dumamawa, ya fito da zafinsa nan take. Tamu mai kilowat 8.5 ce, a kan wuta mai bolt 230, wato tana jan kusan amfiya 37. Butar shayi ta lantarki kilowat 3 ce, kun ga kamar an kunna buta uku ne a lokaci guda, ga mutum tsaye a ƙasa jiƙe sharkaf. Shi ya sa ake ja mata wayarta mai kauri ita kaɗai tun daga allon wutar gida, a haɗa da na'urar RCD da ke katse wuta da zarar miliamfiya 30 ta zurare.

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce, "Maigida, zo ka ga shawar nan, ruwan ta ƙasa yake zuba, na saman kuma ba ƙarfi." Na leƙa, na ga ruwa na bin tayil daga gindin akwatin kamar an buɗe ƙaramin famfo.

Kafin in taɓa ko sukuru ɗaya, sai da na ja igiyar makunnin da ke silin, na sauka ƙasa na kashe layin shawar a allon wuta, na liƙa tef a kai don kada wani ya mayar. Na gwada na'urar gwajina a soket mai wuta na tabbatar tana aiki, sannan na buɗe murfin na ɗora ta a kan wayoyin. Don Allah kada wanda ya tsaya a igiyar silin kaɗai. Makunni na iya ƙonewa ta ciki ya maƙale, kai kana ganin a kashe yake.

Abin da ya fi yi mini amfani a ranar farko tambaya ce guda: yaushe take yoyon, tana kashe ko tana aiki? A bakin shigar ruwa akwai bawul mai aiki da wuta, solinoid, wanda ba ya buɗewa sai an kunna. Idan akwatin na ɗiga alhali a kashe yake, laifin yana daga mahaɗar bututun shigowa ko shi bawul ɗin. Idan kuwa sai an kunna, to a nemi matsalar daga bawul zuwa gaba. Na goge cikin tas da tsumma, na cusa takardar tishu a ƙarƙashin kowace mahaɗa, na bar ruwa a buɗe, wuta a kashe, na rabin awa. Ko ɗaya ba ta jiƙe ba. Sai na mayar da murfin na ɗaure, na kawo wuta, na tsuguna da tocila. Ina kunnawa ruwa ya tsillo daga wani siririn bututu da ke leƙowa ta ƙasa, dab da inda ake ɗaura tiyo.

Wannan bututun na wani ɗan abu ne da ake rubuta PRD a jikin ledarsa, aikinsa sauke matsin ruwa. A irin tawa, 'yar ƙwallo ce da ba ta kai ƙwayar wake ba, zaune a cikin mazauninta. Idan ruwa ya rasa hanyar fita, matsi ya taru a tukunya, sai ta yi waje, ruwan ya bi ta nan maimakon tukunyar ta tsage. Na yi oda, ya iso ranar Talata, na sa. Ranar Alhamis da asuba ya sake fita.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara zargin jabu aka aiko mini. Bayan sallar Juma'a na tari wani dattijo da ya daɗe yana aikin famfo a garin nan, na kwashe duka na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, me ya fitar da na farkon?" Na yi shiru. Ya ce in je in kwance kan shawar da tiyon, in zo masa da labari.

Asabar ta biyu na kwance kan. Fiye da rabin 'yan hujojin sun toshe da farin abin nan mai tauri da ke taruwa a gindin butar shayi. Garin nan a kan tuddan alli yake, na Chiltern, ruwan yankin kuma ɗauke yake da sinadarin alli, zafi ne ke sa shi daskarewa. Na kankare da farce, yana faɗowa ɓaro-ɓaro kamar ɓawon ƙwai. Tiyon kuwa lafiya lau a ido, ƙarfen bayansa sai ƙyalli. Da na hura da baki sai na ji iska na fita da ƙyar. Na haska tocila ta bakin noti, ashe robar ciki ta murɗe ta lotse daidai inda yara ke lanƙwasa shi idan za su cika bokiti. Kai a toshe, tiyo a shaƙe, ina ruwa zai bi? Ashe 'yar ƙwallon nan aikinta ta yi har sau biyu.

Na jiƙa kan a ruwan ɗumi da garin tsami na sitirik na awa biyu (ruwan khal ma yana yi, sai dai ya fi ɗaukar lokaci), na goge da tsohon buroshin haƙori. Ban soka allura ba, domin tana faɗaɗa hujojin feshin ya lalace. Na sayi sabon tiyo, na rufe ruwa na zaro 'yar ragar tace datti da ke bakin shiga na wanke, sannan na sa PRD na uku, na tabbatar zoben robarsa ya zauna daidai bai ciji gefe ba.

Wajen kunnawa akwai ƙa'ida: a fara da sanyi zalla, ba tare da kan shawar ba, har ruwa ya cika tukunya ya kori iska ya fito santal. Idan aka ba ƙarafan wuta tukunya ba ruwa, za su iya ƙonewa. Bayan haka na ɗaura kan, na juya zuwa zafi. Gindin akwatin ya tsaya a bushe. Sai wani ɗan ɗigo a notin tiyo, na kwance na ga wasar robar ta karkace, na gyara mata zama na ɗaure da hannu, ba da filaya ba.

Masu son sa irinta a gida Kano ko Maraɗi, ku auna ƙarfin ruwanku tukuna. Yawancinsu suna neman matsi na kusan bar 1, shi kuwa sai tanki ya yi tsayin mita 10 sama da shawar yake ba da haka. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba, kuma gidan da ba a ja masa wayar ƙasa ta kariya ba, wallahi kada a sa ta.

Yau kwana tara ba yoyo. Idan an kashe, kan yana ɗiga na ɗan lokaci, ragowar ruwan cikinsa ne ke tsiyayewa. Abin da nake sa wa ido yanzu wani farin zane ne da na gani a gefen tukunyar, inda bututun fita ya shiga, alamar ruwa ya taɓa tsattsafowa ya bushe. Na ɗauki hotonsa, ƙarshen wata zan kashe wuta in sake buɗewa in ga ko ya ƙaru.