Filar da na shafa wa Ford 1932

Makon jiya na kwashe gudumomina daga garejin da na shekara 6 ina aiki a kudancin Kalifoniya. Tun ranar 'yan'uwa masu sana'a ke ta kirana suna tambayar abin da ya haɗa ni da maigidan. To, ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta.

Mota ce ta raba mu, Ford ƙirar 1932 mai tagogi 3. Wanda bai zauna a nan ba zai yi mamakin irin dukiyar da ake zubawa a kan ƙarfen da ya haura shekara 90. A shekarar ce Ford ya fara sa injin V8 mai ƙarfin doki 65 a motar da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya. Daga baya samarin yankin nan suka riƙa cire mata duk abin da ke da nauyi, su ƙara wa injin wuta, su tafi busassun tafkuna irin su El Mirage su yi tsere. Ita ce suke kira hot rod. Yanzu akwai kamfanonin da ke buga sabon bodinta, na ƙarfe da na faiba, amma kuɗin yana wurin bodin asali, wanda ya fito daga masana'antar Ford. Mai saye ba ya ɗaga hankalinsa kan inji, don da yawansu an riga an sa musu na Chevrolet 350. Ƙarfen yake bi.

Tamu ta asali ce, sai dai tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofin. Ni na yanke ruɓaɓɓen wurin na yi waldar sabo. Ni kuma na rage tsayin rufin da inci 3, aikin da duk wanda ya taɓa yi ya san ciwonsa: kana yanke ginshiƙan, sama da ƙasa sun daina haɗuwa, sai ka karkatar da wannan, ka buɗa wancan, kowane gilas kuma ya koma sai an yanka sabo. Wata 2 na yi a kai. Har yau ban ga wanda ya iya nuna mini inda na haɗa ba.

Saura wuri ɗaya, gefen baya na hagu, inda ta taɓa buguwa tun zamanin da. Ƙarfen ya miƙe ya yi laushi, ka danna nan ya kumburo can. Maganinsa guduma da wuta da haƙuri, na ce a ba ni mako 3. Maigida ya ce babu, baje kolin motoci na garin Pomona ya matso, kuma a can yake son masu kuɗi su ganta. Ya ce in cike da fila, wato ƙullun da ake shafawa a cike lotsawar bodi, fenti zai rufe.

Na cike. Wannan kalmar ce ta fi yi mini nauyin rubutawa. Ba shafe na sama-sama ba, wanda kowa ke yi don daidaita fuska kafin fenti. Na lafta ta har kaurinta ya kusa rabin inci. Da aka fesa baƙin fenti ta fito kamar madubi. Sannan na ga takardar da ya buga don tallar motar, an rubuta cewa ƙarfen Ford ne zalla, babu ciko ko'ina. Na karanta, na mayar inda take, na ci gaba da aikina. Na gaya wa kaina ni ba ni ke ciniki ba. Alhali tun ina makarantar allo na san hadisin mai sayar da hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama.

Bayan baje kolin wani dattijo ya biyo mu gareji da niyyar saye. Bai ce a tayar da inji ba. Ya ciro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu, ya naɗe shi a hankici don kada ya karce fenti, ya fara bin motar sannu a hankali. Rufi ya kama. Ƙofofi suka kama. Da ya iso gefen hagu sai abin ya sulale ya faɗi ƙasa, don mayen ƙarfe ba ya kama fila mai kauri. Ya ɗauka, ya sake ɗorawa, ya sake faɗuwa.

Maigida ya juyo ya nuna ni, a gaban dattijon da sauran ma'aikata, ya ce shi bai san na yi haka ba, amma ai an san yadda ake aiki a inda na fito.

Wannan maganar ce ban yafe ba. Ba na musu, a gida akwai masu lafta fila su fesa fenti su sallami mutum. Amma wanda ya koya mini sana'a a Panteka ta Kaduna, Allah Ya jiƙansa, sai ya sa ka wuni a kan ƙofar Fijo 504 guda ɗaya, ya rufe ido ya shafa da tafin hannu ya ce, "Yaro, da saura." A hannunsa ban taɓa yin abin da na yi a Amurka ba. Nan aka sa ni, sannan aka jingina wa garinmu. Kuma ban iya buɗe baki ba, don hannuna ne ya yi aikin.

Masu tasowa, duk umarnin da maigida ya ba ku wanda ranku bai kwanta da shi ba, ku ce ya turo a rubuce ta waya. Ku ɗauki hoton kowane bodi kafin fenti ya hau. Gudumominku kuma su zama naku, da kuɗinku kuka saya.

Ban tafi a ranar ba. Na kankare fentin da filar har ƙarfe ya fito fili, na zauna da guduma da wuta, ina zuwa har Asabar ba tare da an biya ni ba. Kwana 19 ya ci. Da na gama na ɗora mayen ƙarfe a wurin, na kira maigida ya zo ya gani yana manne. Ya duba ya ce ya yi kyau, bai ƙara komai ba. Na ce masa ƙarshen wata zan ajiye aiki.