Abin da na gano da na fara ware sharar gidanmu a Dorayi

Duk matar da ke share tsakar gida safe da yamma a Kano ta san cewa abin da ya fi nauyi a kwandon shara ƙasa ce. Ƙurar da iska ta kwaso, tokar murhu, ɓawon albasa, kashin kaji, busasshen ganyen darbejiya. Duk waɗannan gona take nema. Surukata, wadda ta tashi a cikin birni, takan ba da labarin yadda manoman ƙauyukan da ke kewaye da Kano suke shigowa da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da takin bola. Juji a wancan zamanin dukiya ce, har roƙonta ake yi. Yanzu manomi idan ya sayi motar shara ya zuba a gona, sai ya sa yara su bi suna tsince leda, kuma duk da haka da damina za ka ga gonar tana ƙyalli da ita.

Wannan maganar ta Hajiya ce ta tsaya mini a rai lokacin da kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya kwanta a ƙofar gidaje. Da matasan unguwa suka yashe ta ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, na leƙa na ga abin da suka tara a bakin hanya: ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo, famfas. Babu ko ɗaya da ya faɗo daga sama, daga gidajenmu suka fito. Sai na ce bari in gwada ware namu tun daga tsakar gida.

Ban sayi komai ba. Tsohon bokitin fenti na ajiye kusa da madafa don jiƙaƙƙen abu, na rataye buhunan shinkafa biyu a bayan ɗaki, ɗaya na roba da gwangwani da ƙarfe, ɗaya na ledar ruwa da kwali. Kwandon da muke amfani da shi tun da can ya zama na abin da ba shi da mai so. Doka ɗaya na kafa wa yara: jiƙaƙƙe kada ya taɓa busasshe. A nan duk sirrin yake. Kwalin da miya ta zube masa ya mutu, ledar da ta kwana da ruwan kifi babu mai ɗauka, kuma wari da ƙudan da muke ƙi a bola daga wannan cakuɗar suke tasowa.

Maigida da farko cewa ya yi, "Ke yanzu gidan za ki mayar bola?" Na ce masa ya ba ni wata guda, idan ya ji wari in kwashe. Bai sake magana ba.

Jiƙaƙƙen bai ba ni wahala ba, domin rabinsa dama yana da masu shi. Sauran tuwo da shinkafa na almajirai ne, ƙanzo a shanya, ɓawon doya da na kankana na awakin maƙwabciyata. Abin da ya rage na haƙa masa ɗan rami a gefen bishiyar gwaiba. Ina zuba ɓawo da ganye, in bi da kashin kaji, in barbaɗa toka kaɗan, in rufe da ƙasa. Ba na saka nama, ƙashi ko mai, saboda ɓera. Da hunturu ramin bushewa yake ƙamas, ba ya ruɓewa, don haka ruwan wankin shinkafa a nan nake juye shi, in sa yaro ya juya da shebur lokaci-lokaci. Cikin 'yan watanni sai ya koma baƙar ƙasa mai laushi, mai ƙanshin ruwan farko. Da ita na shuka alayyahu da zogale a tsofaffin buhunan siminti.

Inda na fi ƙaruwa shi ne wajen 'yan jari bola. Akwai wani yaro da ke bin layinmu da kura da sikelinsa na rataye, bai fi shekarun ɗana na fari ba. Ranar da na fito masa da buhu, ya zazzage a zaure ya tsuguna yana warewa da sauri, hannunsa ya san kowane abu. Fasasshen bokiti, buta da ƙafar kujera ya tara gefe guda, robar lemo gefe guda, gwangwanin madara da na tumatir daban, gwangwanin lemo na alminiyam kuma daban. Da ya ga guntun tsohuwar wayar wuta sai ya ɗago.

"Hajiya, irin wannan kada ki haɗa da ƙarfe. Tagulla ce a ciki, ta fi duk kayan nan kuɗi."

Na ce, "To ɗan nan, robar nan ina kuke kai ta?"

Ya ce wa dillali suke sayarwa, shi kuma ya kai masu injin niƙa. A can ake raba ta launi-launi, a niƙe ta ƙanana, a wanke, a shanya, sannan kamfanonin roba irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai su narkar su sake fitar da buta, bokiti da silifa. Alminiyam kuma maƙera ke narkarwa su zuba tukwanen biki. Kwali ana jiƙa shi a yi kiret ɗin ƙwai. Robar ruwa mai kyau da murfinta ma ba ta zuwa inji, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna nemanta.

Kuɗin da nake samu ba wani abin a zo a gani ba ne, na sabulu ne da ashana, ledar fiya wata kuwa sai ka cika buhu taf kafin sikeli ya motsa. Abin da ya fi damuna shi ne hannun yaron. Duk tabon yanka ne, saboda a bola yake tona abin da da mun miƙa masa a tsaftace. Na san ana zargin wasunsu da ɗauke-ɗauke, har a Abuja aka hana su yawo cikin gari, kuma ni ma ba na barin kowa ya wuce zaure. Amma a garin nan su ne ke raba mu da tarin roba da ƙarfe ba tare da wani ya biya su albashi ba.

Saboda shi na buɗe wani gwangwani mai murfi na abubuwan da ke yanka: reza, allura, fasasshen kwalba da ƙwan fitila. Idan ya cika in naɗe da kwali in ɗaure, in gaya wa mai kwasar shara abin da ke ciki. Robar fiya-fiya da ta maganin feshi huda su nake yi kafin in zubar, don kada su faɗa hannun mai zoɓo, tunda wanki ba ya fitar da gubar. Kwalbar magani da ta turare ina ɓare takardar jikinsu, saboda masu jabu da irinsu suke cikawa su mayar kasuwa. Batirin tocila da na waya ba na barinsu inda yara ke wasa, kuma ba sa shiga wuta.

Ƙona shara na daina gaba ɗaya. Hayaƙin leda da roba guba ne, kuma a gidanmu akwai mai asma. Abin takaici, idan maƙwabci ya kunna tasa da magariba, hayaƙin bai san katanga ba.

Kwando na huɗu shi ne har yau ban ga bakin zarensa ba. Ya ragu ƙwarai, yaron da ke kai mana shara da baro ya koma zuwa jefi-jefi maimakon kullum, kuma ina tabbatar da cewa wurin tara shara na hukuma yake kaiwa, ba kududdufi ko kwata ba. Sai dai abin da ke cikinsa famfas ne, ledar biskit da ta taliya da ta omo, da baƙar leda mai maiƙo. Babu mai saye, ba sa ruɓewa, kuma akuyar da ta ci su tana ramewa har ta mutu. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbi. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas kuma ta haramta robar takeaway ta soso a 2024. Ina ganin mu ma lokaci ya yi da za a duba wannan da gaske, a yi la'akari da ƙananan 'yan kasuwa da masu tallan da ledar ce mazubinsu.

Kafin nan, abin da ke hannuna nake yi. Cefane da jakar buhu ake zuwa, ƙosai da waina da awara a langa yara suke sayowa, niƙa a bokiti mai murfi. Ɗan autana da rana a gida nafkin na wanki nake sa masa, famfas sai dare ko fita unguwa. Gidaje biyu a layinmu sun rataye nasu buhunan, kuma mun shirya da yaron jari bolan nan yana zuwa mana ranar Alhamis ya auna na kowa a zaurensa.