Yadda na gano cutar Ormond a jikin wani direba

Mutumin ya zo mini yana da shekara 52, direban babbar mota ne, kuma ya shafe wata bakwai yana fama da ciwon baya da kwiɓi wanda ba ya lafawa ko ya kwanta ko ya miƙe. An ba shi maganin olsa, an ba shi na taifot, ya rame har wandonsa yana zamewa sai ya ɗaure da igiya. Da na tambaye shi fitsari, sai ya ce: "Likita, kwana uku ke nan bai cika ƙaramin kofi ba." Gwajin jini ya nuna ƙodojinsa sun fara gazawa, sikanin kuma ya nuna duka biyun sun kumbura da fitsarin da ya rasa hanyar sauka.

Na fara zargin tsargiya, domin tana toshe bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, kuma muna yawan ganin hakan. Hoton CT, wato na na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, shi ne ya sauya mini tunani: wata tsoka mai tauri kamar tabo ta naɗe babbar jijiyar jinin da ke bayan ciki, ta janyo bututun biyu zuwa tsakiya ta shaƙe su. Wannan ce cutar da likitan Amurka John Ormond ya bayyana a 1948, wadda ta fi kama maza masu shekara 40 zuwa 60, kuma a mafi yawan masu ita ba a samun musabbabi.

Ƙoda muka fara ceto. Muka zura siririn bututun roba a kowane gefe, kafin gari ya waye jakar fitsarinsa ta cika sau biyu. Daga nan na so in fara ba shi firednisolon, maganin da ke narkar da kumburin, amma wata babbar abokiyar aikina ta tsayar da ni, kuma har gobe ina gode mata. Sankarar ƙwayoyin jini da tarin tibi suna iya fitowa a hoto da wannan kama, maganin kuwa yana raunana garkuwar jiki, ya bar tibi ya bazu. Sai da muka ciro ɗan nama aka duba, aka tabbatar babu ko ɗaya, sannan muka fara, muna rage adadin a hankali tare da auna suga da hawan jini.

Kuskurena shi ne ban nanata masa cewa cutar tana dawowa ba. Da ya ji sauƙi bayan wata uku sai ya bar magani ya koma hanya, ya dawo da kumburarrun ƙafafu. Yanzu nakan zaunar da mara lafiya tare da matarsa ko babban ɗansa, in rubuta ranar gwaji na gaba a bayan katinsa. Shi direban an cire masa robar, yana zuwa duk wata shida a duba ƙodojinsa.