Su ma fa kakannin Turawa sun sha gyaran hoto

Duk lokacin da hotunan kafin aure suka fara yawo a WhatsApp sai ka ji manya a nan Katsina suna ta faɗa, wai 'yan zamani sun lalace, amarya ta yi shigar Fulani da ƙwarya a kai alhalin ko nono ba ta taɓa tatsa ba, ango ya sha rawani da alkyabba kamar zai yi hawan Sallah a Ƙofar Soro, sannan mai hoto ya goge fuskar har goggonta ba ta gane ta. To ni dai abun dariya yake ba ni, don wannan sana'a ta girmi kowa a cikinmu.

A 1897, lokacin da Sarauniya Victoria ta cika shekara 60 kan mulki, an yi wata ƙasaitacciyar liyafa a gidan Devonshire a Landan, sharaɗin shiga shi ne kowa ya zo da shigar wani mutumin zamanin da, sarki ko sarauniya ko na tatsuniya. Uwar gidan ta fito a Zenobia sarauniyar Palmyra, rigar ma daga Faris aka ɗinko ta wurin gidan ɗinki na Worth. Mata biyu kuma suka zo a Sarauniya Bilkisu, anko ba shiri, kai na so a ce na ga kallon da suka yi ma juna. Kamfanin hoto na Lafayette tanti guda ya kafa a lambun gidan, baƙi na shiga ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukarsu gaban labulen da aka zana ma gini da itatuwa, irin dai na situdiyon da iyayenmu suka riƙa tsayawa da fulawar roba.

Gyaran kuwa da hannu ake yin shi. Hoton kan faranti na gilashi yake fita, sai a sa fensir mai tsini da 'yar wuƙa a bi a hankali, a rage ma hajiya ƙugu, a share tamoji, a cike gashi. Masu wannan aikin daban suke a situdiyo, abincinsu ke nan.

Wadda ta fi burge ni ita ce Madame Yevonde, wata mai ɗaukar hoto 'yar Ingila. A 1935 ta tara matan manyan Ingila ta ɗauke su a shigar allolin tatsuniyar Girka da Rum, kuma da kala, lokacin da manyan masu hoto ke raina kala suna ganin baƙi da fari ne kawai aikin ƙwararru. Tsarin Vivex ta yi amfani da shi, faranti uku ake ɗauka kowanne da launinshi sannan a haɗa. Akwai wadda ta fito a Medusa an naɗe mata kai da macizan roba, idon nan kamar zai cinye ka, wata kuma a Minerva da hular yaƙi da mujiya kusa da ita. Matan masu kuɗi fa, da mujiya! Mu nan ko kukanta aka ji kan katanga sai an yi a'uzubillahi.

Bambancin da nake gani kawai, su a lokacin sai mai hannu da shuni, sai wadda za a buga hotonta a mujallar Tatler. Yanzu kuwa ɗiyar mai shayi ma za ta ari lafaya da sarƙa ta yi sarautarta ta awa biyu, kuma ina zargin wannan ne ke ci ma wasu rai, ba ƙwaryar ba.