Hunturun Jos da jikin Kaka

Tun da sanyi ya sauko nake kwana ɗakin Kaka a Gangare. Ta haura shekara 90, kuma hunturun Jos ba ya raga wa tsoho.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Sai ta wuni ba ta nema ba. In na miƙa mata kofi ta ce, "Ke 'yar nan, ai ba na jin ƙishi." Gaskiya take faɗa, don jin ƙishi yana raguwa da tsufa, amma jiki na nan yana bushewa. Yanzu da lallashi nake bi, ruwan ɗumi kaɗan-kaɗan, kunun gyaɗa, wani lokaci shayi.

Kwanaki ta tashi tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Kowa a gida ya ce ruɗin tsufa ne, a yi haƙuri. Da muka kai ta asibiti aka yi gwaji, ashe ciwon sanyin mafitsara ne. Ta sha magani, hankalinta ya dawo. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tsofaffi nawa aka bari a haka?

Tunda kwanciya ta yi mata yawa, duk bayan awa 2 muna juya ta saboda gyambon kwanciya, mu shafa mata man kaɗanya a baya da dugadugai. Kaskon gawayi kuwa na hana shi kwana a rufaffen ɗaki, iskarsa na kisa ba a sani ba.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na gaya wa su Kawu a raba kwana, maza ma su shigo ciki.